Kawu da Gadon Waɗanda Daji Ya Riƙe

Ranar da Allah Ya karɓi ran Kawu, yayan mahaifiyata, wata tsohuwa maƙwabciyarmu a Sabon Gari ta shigo tana dogara sanda. Ta zauna kusa da Inna, ta kama hannunta, ta ce, "Ku gode ma Allah, Hajiya. Kun gan shi da idonku. Kun wanke abinku, kun sa mai likkafani."

Matan da ke kan tabarma suka amsa baki ɗaya, "Wallahi kuwa." Wata daga ƙuryar ɗaki ta ce, "Bisa shimfiɗatai ya cika. Wa ka samun haka yanzu?"

Babu wanda ya ɗauki wannan a baƙar magana. Haka zamani ya mai da mu a Gusau, ana yi wa mutum barka da ganin gawar ɗan'uwansa.

Kawu ya sha faɗi cewa yana so a rufe shi kusa da mahaifinsa, a ƙauyenmu da ke bayan Nahuce. Ranar ko tayar da zancen ba a yi ba. A nan cikin gari aka kai shi. 'Yan tsirarun da suka zo daga ƙasar Bungudu ba su yi dogon zama ba, kowa yana duban rana, yana so ya sauka daga kan hanya tun da haske. In babur ya wuce ta ƙofar gida da gudu, sai ka ji addu'a ta tsinke a bakin mutane, sai ƙarar ta yi nisa a ci gaba.

Da rana ta karkata wani dattijon Bafulatani ya iso, da malfa da sanda. Babban ɗan Kawu ya gaya mana cewa da ganinsa mazan da ke ƙofar gida suka yi tsit, wasu har suka janye ƙafafunsu. Shi ma ya lura. Ya zauna a bakin tabarma, ya ajiye sandarsa a fili inda kowa zai gan ta, ya ce daga wajen Kekun Waje yake. Ya ce shekaru da yawa baya Malam, wato Kawu, shi ne ya raba musu shanun mahaifinsu. Suna da 'yar'uwa da ke aure nesa, kuma maza sun so a yi rabon ba da ita ba. Malam ya ce ba zai nuna ko maraƙi ba sai ta zo, ya kwana a rugarsu har aka je aka taho da ita. "Yau ba ni da saniya ko guda," in ji dattijon. "Waɗanda kuke tsoro sun kore mini su tuni. Abin da 'yar'uwar nan tawa ta gada, shi nike ci." Ya yi addu'a, ya sha ruwa, ya tashi. Sai bayan ya ɓace wasu suka ji kunya.

Aikin Kawu ke nan tun kafin a haife ni, rabon gado. Bai taɓa zama alƙali ba. Karatun zaure ya yi, ya zurfafa a wannan fanni, har ya zama daga Bungudu zuwa Tsafe in an yi rasuwa an share makoki, sai a ce a aika a kira Malam.

Mutane suna yabonsa da gaskiya da riƙon amana. Ni abin da na fi saninsa da shi tsoro ne. Kawu yana tsoron kare, yana tsoron allura, in damina ta yi nisa gulbi ya cika ba ya yarda ya shiga kwalekwale. Inna kan tsokane shi ta ce, "An ce tsoro na daji, kai naka har cikin ɗaki." Sai ya yi dariya ya ce, "Bar ni da abina. Shi ya kawo ni yau."

Amma babu abin da yake tsoro kamar dukiyar mamaci. Ba ya cin abincin gidan da ya je rabo, ruwan sha ma da gorarsa yake tafiya. Yakan zauna a ƙasa, ya share wuri da tafin hannu, ya karɓi karan dawa ya riƙa zane. Kafin ya ja layi ko ɗaya sai ya ce, "A kira mata." In an ce ai ga mazansu nan, ya ce, "Allah bai aje rabonsu hannun mazansu ba. A kira su." In sun fito sun zauna bayan zana, ya tambaya ko akwai mai juna biyu a cikin iyalan mamacin. In akwai, sai ya ajiye karansa ya ce sai an haihu. An sha yi masa fushi kan wannan, musamman in damina ta matso kowa yana so ya san gonarsa. Amsarsa ɗaya ce: "Na cikin ciki ba shi da baki. Ni ne bakinai." Yakan kuma ce mana, "Mai rai, in ka cuce shi, shina iya yahe maka gobe. Mamaci da maraya sai kun haɗu can."

Da can rigingimun da yake rabawa sanannu ne. Wane ya matsa gambar kan iyaka, wance ta ce tunkiyar nan kyauta aka ba ta, ba ta cikin gado. Bayan 'yan bindiga sun tashi ƙauyenmu, Kawu ya dawo Gusau, sai tambayoyin da ake kawo masa suka sake kama.

Akwai wadda ba zan manta ba. Wasu mutane ne da suka gudo daga wani ƙauye a ƙasar Tsafe. An kashe magidanci da ɗansa tilo rana guda. Suka zo zauren Kawu, matar mamacin da yayyensa maza. Da yake tana cikin takaba, Kawu ya aika aka kira ni in zauna kusa da ita.

Ya daɗe yana juya kara a hannu kafin ya yi magana. Ya bayyana musu cewa dole ya san wanda ya riga wani cikawa. In yaron ya rayu bayan ubansa, ko da na ɗan numfashi ne, to ya gaji uban, ita kuma ta gaji ɗanta, rabonta ya ƙaru. In ba a sani ba, babu gado tsakanin su biyun. Ya juyo wajenmu bai ɗaga ido ba, ya ce, "Ɗiyata, ki yi mini gafara. Kina ina lokacin?"

Ta ce tana cikin rumbu. Mijin ne ya tura ta ciki ya rufe.

"Kin ga wani abu?"

"Ban gani ba. Ji na yi."

Hannunta yana cikin nawa, sanyi ƙalau. Ta ce ta ji muryar mijin tana salati, daga nan ta ɗauke. Yaron kuwa ya yi ta kira. "Inna yake cewa. Inna, Inna. Suna nan tsakar gida ba su tahi ba. Na sa gyale na toshe bakina." Sannan ta ce, "Ya daɗe shina kira, Malam."

Karan ya faɗi daga hannun Kawu. Ya ce da muryar da ban san shi da ita ba, maganar mutum ɗaya a kan abin da zai amfane shi ba ta isa shaida ba, sai in sauran magada sun amince. Babban wan mamacin, wanda tun shigowarsu yake cika yana batsewa, ya rufe fuska da hannun riga. Ya ce, "Mun yarda. A ba ta. Don Allah kada a sake tambayarta."

Kawu ya yi rabon. Da suka tafi ya shiga bayan gida ya yi ta amai. Ya kwana biyu ba ya iya cin tuwo. Ya ce da Inna, "Na karanta babin waɗanda gini ya faɗa ma da waɗanda ruwa ya ci tare tun ina saurayi. Na zaci zan mutu ban yi aiki da shi ba."

A shekarun nan ɗaliban jami'a sukan zo wurinsa, masu bincike a kan gado, su ajiye waya a gabansa tana ɗaukar magana. Yana murna da zuwansu, yakan sa a sayo musu fura. Ya taɓa ce mini, "Da dauri in sun zo, kan rabon kaka da 'yan'uwa suke tambaya, ko yadda za a raba gida guda ga mutum da yawa ba a sayar ba. Yanzu kowa ya zo, mafƙudi." Mafƙudi shi ne wanda ya ɓata, ba a san yana raye ko ya mutu ba. Wata malama daga cikinsu ta tambaye shi, wanda 'yan bindiga suka shiga daji da shi, ɓatacce ne, ko kamamme ne a hannun abokan gaba, ko kuwa kamar wanda ya ɓace a fagen faɗa? Don kowanne da hukuncinsa, kowanne da tsawon jiran da ake yi masa. Kawu ya ce, "Rubuta cewa tsohon ya ce bai sani ba." Sannan shi ya shiga tambayarta. Hoton gawa a waya shaida ne? In ɓarawo ya kira ya ce wane ya mutu, ana karɓar maganar ɓarawo? Ya roƙe ta, in sun gano wani abu ita da malamanta, ta dawo ta sanar da shi, don yana da mai buƙata a cikin gida.

Mai buƙatar ni ce.

Baban yara hatsi yake saye a kasuwar Tsafe yana kawowa Gusau. Wata ranar kasuwa aka tare motarsu da rana tsaka, aka shiga daji da su. Sun kira, mun ji muryarsa. Abin da suka nema an haɗa an kai, wan mijina har shanun nomansa ya sayar. Ba su sake shi ba. Daga nan wayar ta daina shiga. Can baya wani da aka sako ya ce ya baro shi da kumburin ƙafa da tari, ba ya iya tashi. Muka tambaye shi ko ya ga cikawarsa. Ya ce a'a, an raba musu wuri.

Muna cikin wannan hali surukina ya rasu. Ya bar gida da gonaki biyu, ya bar matarsa da 'ya'ya maza biyu, wan mijina da wanda ke daji. Kawu ya so a kira wani malamin, surukata ta ce ita ba ta yarda da kowa ba sai shi.

Ina bayan ƙofa ina kallo ya fitar wa surukata nata, sannan ya ja layi ya raba sauran biyu. Wan mijina ya ce, "Malam, wanga na biyu na wa ne?"

"Na ƙanenka."

"Ƙanena ya mutu."

"Wa ya wanke shi?"

"Wa ka wanke mutum cikin daji, Malam? Kai ma ka sani!"

Sai a ranar na fahimci abin da ke rataye a kan 'ya'yana. In aka ce ubansu ya riga kakansu mutuwa, ba su da komai a gidan, don baffansu ya shiga tsakani. In ya rayu bayan tsohon, rabonsa nasa ne, su kuma nasa ne. Kawu ya ce ba zai ba ni ba, ba zai ba wan mijina ba. Za a ajiye rabon a gefe har gaskiya ta bayyana.

Wan mijina ba mugu ba ne. Ya tsiyace a kan ƙanensa, ga tsohuwa, ga iyali. Amma ranar ya miƙe tsaye ya nuna Kawu da yatsa a gaban mutane, ya ce, "Don ɗiyar ƙanwarka ce! Da wata ce da ka daɗe da rabawa. Ashe kai ma son kai gare ka!"

Kawu bai rama ba. Ya goge zanen da hannunsa, ya ce wan mijina ya zaɓi wani malamin da kansa a kira shi. Aka kira, shi ma ya faɗi abin da Kawu ya faɗa. Duk da haka maganar ba ta bar shi ba. Makonni bayan nan yana tambayar Inna, "Ke kin san ni tun muna yara. Kina jin akwai son kai ciki? In akwai ki hwaɗa mini tun ina da rai."

Ni ma na yi faɗa da shi, kuma nawa ya fi zafi. Wata safiya na je gaishe shi bayan na kwana ban runtsa ba, na ce masa na gaji. Na ce gara a ce ya mutu, in yi takaba, in yi kuka irin na kowa, ko da yara za su rasa gonar. Na ce, "Kawu, ni mece ce? Ba ni cikin masu miji, ba ni cikin zawarawa. In an buga ƙofa gabana ya faɗi, in ba a buga ba gabana ya faɗi. Kalma ɗaya za ka faɗa in huta, ka ƙi!"

Ya bar ni na gama. Ya ce, "In na ce ya mutu, kika yi takaba, kika yi aure, ran nan ya shigo da sanda shina tambayar ɗiyanai, mi zan ce mai? In kuma na ce shina da rai, alhali ƙasa ta daɗe da cinye shi, na ɗaure ki a banza. Duk ta inda na juya wuta ce, ɗiyata. Ba ni da wagga kalma."

Na fita ban yi masa sallama ba.

Washegari sai ga shi a ƙofar gidana da babbar rigarsa ta Juma'a. Mutumin da ko wucewa ta gaban kotu ba ya so, shi ya kai ni gaban alƙali da ƙafarsa. Ya tsaya ya yi bayani, aka sa a bincika, da ba a samu labari ba aka yanka mini wa'adin shekara huɗu. A hanyar dawowa ya ce, "Jiran da ke da iyaka ya fi wanda ba shi da ita." Tun daga watan nan kuma, duk hatsin da aka kawo masa na alheri, sai ya sa a raba biyu a kawo mini rabi. Da na yi magana ya ce ai shi ya hana a raba, shi ya kamata ya ji nauyin.

Ciwonsa bai yi tsawo ba. Hawan jini ne, ya kwanta, harshe ya yi nauyi. Ranar da na yi masa ganin ƙarshe ya daɗe yana kallona, sannan ya tambaya a hankali, "Ba labari?" Na ce babu. Ya rufe ido.

Wan mijina ya zo gaisuwa. Ya yi addu'a mai tsawo, na ga hawaye a idonsa, ban yi zaton na ƙarya ne ba. Amma da zai fita ya tsaya kusa da ni ya ce, "In an yi arba'in za mu zauna." Ban san abin da zai faɗa ba. Wa'adina bai cika ba, kuma wanda yake tsayawa a gabana ya kwanta dama.

Da aka share makoki aka sa ranar raba abin da Kawu ya bari. Ba wani abu ne mai yawa ba, gidan Sabon Gari, da littattafansa, da gonar gado da ke ƙauye, mai ƙasa baƙa, a bakin fadama. Wani tsohon ɗalibinsa ne zai yi rabon. Tun da safe autan Kawu ya tafi Nahuce don ya nemo wanda ya san iyakokin gonar, ya ce zai dawo kafin azahar.

Aka yi azahar bai dawo ba. Aka kira wayarsa, ba ta shiga. Malamin ya tambaya ko magada sun hallara, aka ce saura auta. Matar Kawu ta fito ta zauna a bakin ƙofar zaure, abin da ba ta taɓa yi ba, ta zuba wa titi ido. Na san wannan zaman. Na san yadda kunne ke jin ƙarar wayar da ba ta yi ƙara ba. Aka kira la'asar, maza suka yi salla a nan ƙofar gida, ba wanda ya iya zuwa masallaci.

Rana ta yi ja sai ga shi a ƙafa, duk ya yi futu-futu. An rufe hanya ne, motoci suka yi cirko-cirko, wayarsa kuma caji ya ƙare. Uwarsa ta cafki rigarsa ta riƙe, ba ta saki ba har ya zauna.

Ya ce ya samu wani tsoho ya raka shi har bayan gari, suka hau tudu, tsohon ya miƙa hannu ya ce, "Ga ta can." Daga nan babu mai wucewa. Ciyawa ta fi mutum tsayi.

Aka zo rabo. Gida ba a yi gardama ba, littattafai ma haka. Da aka zo kan gona sai babban ɗan ya ce shi ya yafe, a ba mata. Matan suka ce su ina za su kai ta, a bar wa maza. Gonar da a da za a iya zubar da jini a kanta, kowa yana tura wa ɗan'uwansa, don kowa ya san duk wanda ta zama tasa, wata damina zuciya za ta raya masa ya je ya duba. Malamin ya ce haƙƙi ba ya zama babu mai shi, sai wani ya karɓa, ko a bar ta ta kowa.

Auta ya ce, "Ku ba ni. Tun da na gan ta hankalina ke can. Nan anka rufe kakanmu."

Aka ba shi. Matar Kawu, wadda ta daure ranar da aka fita da mijinta ba ta ɗaga murya ba, ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka, har maƙwabta suka shigo suna tambayar wa ya mutu.

Ya Allah, Kai da kowane rai ke komawa gare Ka, bawan nan naka ya ji tsoronka a kan haƙƙin mutane har ƙarshen numfashinsa. Ka amintar da shi a inda yake kwance. Mu da ya bari, Ka dawo mana da namu da ke daji, a raye ko a labari.